Yadda Kwamfutoci Da Yawa Ke Gaisawa a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Ka ɗauka kana da laftof guda ɗaya tal, kuma kana son ka koyi yadda kwamfutoci ke magana da junansu. Kuɗin sayen kwamfuta uku da wayoyi da na'urar haɗa su kuwa babu. Sai wani ya ba ka shawara ka sauke VirtualBox, manhajar nan ta kyauta da ke ba mutum damar ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfutarsa. Ka ƙirƙiri guda biyu, ka ɗora wa kowacce Linux, ka kunna su. Kowacce ta hau intanet lafiya lau. To amma da ka ce ta farko ta aika wa ta biyu saƙo, sai shiru. Ka duba adireshinsu, sai ka ga abin mamaki: ta farko tana 10.0.2.15, ta biyu ita ma 10.0.2.15.

Kada ka ɗaga hankalinka, babu abin da ya lalace. Kwamfutocin nan biyu suna gida ɗaya, amma ba su haɗa tsakar gida ba. A yau za mu duba mece ce wannan tsakar gida, yadda ake gina ta, da kuma irin rigimar da ke tashi idan aka gina ta da garaje.

Baƙuwa da mai masauki

Bari mu fara da sunaye, don tafiyar ta yi sauƙi. Kwamfutarka ta zahiri, wadda kake taɓawa da hannu, ita ce mai masauki. Wadda aka ƙirƙira a cikinta kuma baƙuwa. Dabarar ta daɗe; kamfanin IBM ya fara ta a manyan kwamfutocinsa tun shekarun 1960, ya kuma fitar da VM/370 a 1972. Sai a 1999 kamfanin VMware ya kawo ta kan kwamfutocin da muke amfani da su a gida da ofis. Daga baya QEMU ta fito a 2003 daga hannun Fabrice Bellard, ɗan ƙasar Faransa, sai VirtualBox da aka saki ga jama'a a 2007.

Ita baƙuwa duk abin da take gani a jikinta kwaikwayo ne, har da katin sadarwarta, wato ɓangaren da ake soka wa wayar intanet. Manhajar masauki ce ke yi mata wasan kwaikwayo, ta nuna mata kamar akwai katin Intel PRO/1000 ko Realtek RTL8139 a jikinta. Baƙuwa ta yarda, ta riƙa miƙa wa katin saƙonni kamar yadda za ta miƙa wa na gaske. Akwai kuma wani nau'in kati mai suna virtio da ba ya kwaikwayon kowa. Shi baƙuwar ta san a masauki take, don haka suna aiki da mai masauki ba tare da ɓoye-ɓoye ba, abin da ya sa ya fi sauri.

Ko wane iri ne, tambayar ɗaya ce: idan saƙo ya fito daga wannan kati, ina zai nufa? Katin gaske yana da waya a bayansa. Na baƙuwa ba shi da komai sai abin da ka haɗa masa.

Waya ɗaya, kowa na ji

Don ka gane abin da za mu haɗa masa, sai mun koma 1973, cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka. A can ne Robert Metcalfe da David Boggs suka tsara Ethernet, tsarin da har yau galibin kwamfutocin ofis ke magana da shi. A farkonsa waya ce guda ɗaya doguwa da ta ratsa gini, kowace kwamfuta ta maƙala a jikinta. Idan ɗaya ta yi magana, kowa ya ji. Kamar dai gidan haya ne mai ɗakuna goma da tsakar gida ɗaya: wanda ya fito ya ɗaga murya, duk ɗakunan sun ji shi.

To ta yaya za a san wa ake nufi? Kowane kati yana da lambarsa, wadda ake kira lambar MAC. Tsawonta bit 48, ana rubuta ta kashi shida, misali 08:00:27:4a:1c:9e. Kowane ƙunshin saƙo yana ɗauke da lambar wanda ya aiko da ta wanda aka aika wa. Kati ya ga ƙunshi, ya duba: idan lambarsa ce ya karɓa, in ba tasa ba ce ya kau da kai. Kashi ukun farko na lambar galibi suna nuna wanda ya ƙera katin, shi ya sa da ganin lamba gwani zai gaya maka baƙuwar wace ce. Ta VirtualBox tana farawa da 08:00:27, ta QEMU da 52:54:00, ta Hyper-V na Microsoft da 00:15:5D, ta VMware kuma sau da yawa da 00:0C:29 ko 00:50:56.

Akwai lamba guda ta musamman, ff:ff:ff:ff:ff:ff, wadda ke nufin "kowa da kowa". Wannan ita ce shela. Kuma a nan ne zancen yake. Manhajojinka ba su san lambar MAC ba, adireshin IP suka sani, irin su 192.168.10.2. Don haka kafin kwamfuta ta aika wa maƙwabciyarta ko da harafi ɗaya, sai ta fara yin shela: "Wa ke da adireshi 192.168.10.2? Ya gaya mini lambar katinsa." Mai adireshin ta amsa, sannan hira ta fara. Wannan ƙa'ida sunanta ARP, tun 1982 aka rubuta ta.

Saboda haka idan ka ji an ce katuna suna sashen sadarwa ɗaya, ko a harshenmu na yau tsakar gida ɗaya, ma'anar ita ce: shelar ɗaya tana isa kunnen sauran. Inda shela ta tsaya, nan ce katangar gidan. Riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya doru.

Me ya sa naka biyun ba su ga juna ba?

Idan ka ƙirƙiri baƙuwa a VirtualBox ba ka taɓa komai ba, tana haɗa katinta da wani tsari da ake kira NAT. A wannan tsari kowace baƙuwa tana da ɗan ɗakinta ita kaɗai, da ɗan aikenta na musamman a adireshi 10.0.2.2. Idan tana son wani abu a intanet, ɗan aiken ya karɓa, ya fita da sunan mai masauki, ya dawo mata da amsa. Baƙuwa ta biyu ma haka, da nata ɗakin da nata ɗan aiken. Shi ya sa duk suka sami 10.0.2.15 ba tare da wani rikici ba, kamar yadda za ka sami ɗaki mai lamba 1 a gidaje daban-daban. Ta farko ta yi shela, ba mai ji sai ɗan aikenta.

Tsarin yana da amfaninsa. Ba ya buƙatar saiti, kuma wani daga waje ba zai iya faɗo wa baƙuwar ba sai ka buɗe masa ƙofa da kanka. Amma in kana son baƙi su yi hulɗa, sai ka gina musu tsakar gida.

Gada: dattijuwar da ta san ɗakin kowa

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwaikwayi tsohuwar wayar nan ta 1973: duk ƙunshin da ya shigo, a kwafa a miƙa wa kowane kati. QEMU tana da irin wannan, kuma ta daɗe tana kiransa da sunan vlan, sunan da ya riƙa rikita mutane domin akwai wani abu daban mai wannan suna, har dai aka cire shi a 2018. Yana aiki, sai dai akwai asara: katuna goma na karɓar saƙon da mutum ɗaya kawai ake nufi.

Abin da aka fi amfani da shi yau shi ne gada, wadda ita ce dai na'urar nan mai ramuka da yawa da kake gani a ofisoshi ana soka mata wayoyi, wato suwici, sai dai wannan da manhaja aka yi ta. Ka ɗauke ta kamar wata dattijuwa da ke zaune a tsakar gida da littafi a hannu. Ranar farko ba ta san kowa ba. Ƙunshi ya fito daga ƙofa ta ɗaya, ta duba lambar wanda ya aiko, ta rubuta: mai lamba kaza yana ƙofa ta ɗaya. Ta duba lambar wanda aka aika wa. Idan ba ta cikin littafi, sai ta miƙa kwafi ga dukkan ƙofofi, ban da wadda ya fito. Da zarar mai shi ya amsa, ta ga ƙofar da amsar ta fito, ta rubuta. Daga nan saƙon da ke tsakanin waɗannan biyu ba ya ƙara zuwa ƙofar kowa. Shela ce kaɗai take kai wa kowa a kullum. Idan kuma ta yi daƙiƙa 300 ba ta ji motsin wata lamba ba, sai ta goge ta, domin wataƙila mai ita ya tashi.

A Linux wannan gada tana cikin ƙashin bayan babbar manhajar, kuma layuka kaɗan ne ke gina ta:

ip link add br0 type bridge
ip link set br0 up
ip tuntap add tap0 mode tap
ip link set tap0 master br0
ip link set tap0 up

Layi biyun farko sun gina gada mai suna br0 suka tashe ta. Sauran ukun sun ƙirƙiri abin da ake kira tap, wato wata 'yar waya ta manhaja mai baki biyu: baki ɗaya a hannun manhajar da ke riƙe da baƙuwa, ɗayan a soke jikin gada. Kowace baƙuwa ka yi mata nata: tap0, tap1, tap2. Duk waɗanda ka soka a br0 sun zama 'yan tsakar gida ɗaya. In kana son leƙa littafin dattijuwar, rubuta bridge fdb show, za ka ga lambobin da ta koya da ƙofar kowacce.

A VirtualBox ba sai ka rubuta komai ba. Ka shiga saitin sadarwar kowace baƙuwa, ka zaɓi Internal Network, ka rubuta suna iri ɗaya. Sunan shi ne wayar. Idan ɗaya ta ce "gwaji" ɗayar ta ce "gwaji2", to gida biyu ka gina ba ka sani ba.

Wace ƙofa za ka buɗe?

Bayan ka gina tsakar gida, saura shawara mafi muhimmanci: waye kuma zai shigo ban da baƙin? Zaɓi uku ne.

Na farko, baƙi zalla. Ba mai masauki, ba intanet, ba kowa. Wannan shi ne Internal Network. Ka lura a nan babu mai raba adireshi, don haka ko dai ka rubuta wa kowacce nata da hannu, ko ka ɗora wa ɗaya aikin rabawa. Idan ka ga baƙuwa ta ba kanta adireshin da ya fara da 169.254, tana gaya maka ne ta yi shelar neman adireshi ba wanda ya amsa.

Na biyu, baƙi da mai masauki. A nan ana yi wa mai masauki katin kwaikwayo shi ma, a soka shi a gadar. VirtualBox na kiran wannan Host-only, kuma adireshinsa galibi suna farawa da 192.168.56. Ya dace da mai gwada shafin intanet da yake ginawa, yana son buɗe shi daga laftof ɗinsa ba tare da duniya ta gani ba.

Na uku, a rushe katangar ɗungurungum. Ana ɗaukar katin gaske na mai masauki a soka shi a gadar, sai tsakar gidan baƙi ta haɗe da ta ofis ko ta makaranta. Baƙuwa ta zama tamkar wata kwamfuta da aka shigo da ita aka soka a bango. Tana karɓar adireshi daga inda kowa ke karɓa, kowa na ganinta, tana ganin kowa. Wannan shi ne Bridged Adapter.

Abu biyu kan ba mutane wahala a wannan na ukun. A Linux, da zarar ka soka katin gaske a gada, dole adireshin IP na mai masauki ya koma kan gadar. Wanda ya yi wannan aiki daga nesa bai shirya ba, sai ya tsinci kansa a waje ya kulle ƙofa da makullin a ciki. Na biyu kuma Wi-Fi ne. Na'urar Wi-Fi tana karɓar saƙo ne kawai daga katin da ya yi rajista da ita. Idan ta ga baƙuwar lamba ta biyo ta hanyarsa, sai ta watsar. VirtualBox na kauce wa wannan ta hanyar sauya lambar baƙuwa da ta mai masauki kafin saƙo ya fita, amma dabara ce da ba kullum take tafiya sumul ba. Idan gada ta ƙi aiki a Wi-Fi, gwada ta da waya kafin ka zargi kanka.

Zo mu zauna, zo mu saɓa

Haɗa tsakar gida na da daɗi, amma duk wanda ya zauna gidan haya ya san abin da ke biyo baya. Ga rigingimu huɗu da suka fi yawa.

Ta farko, suna ɗaya mutum biyu. Idan ka kunna baƙuwa a QEMU ba ka ba ta lamba ba, za ta ɗauki 52:54:00:12:34:56. Ka kunna ta biyu, ita ma haka. Haka nan idan ka kwafi baƙuwa sukutum ba ka sabunta lambar katinta ba. Yanzu ka tuna dattijuwa: littafinta ƙofa ɗaya yake ba kowace lamba. Wannan ta yi magana, ta rubuta ƙofa ta ɗaya. Waccan ta yi magana, ta goge ta rubuta ta biyu. Saƙo sai ya riƙa zuwa wurin wadda ta yi magana a ƙarshe. Abin da kai za ka gani shi ne sadarwa na zuwa tana ɗaukewa kamar wutar lantarki, ka rasa dalili. Maganin minti ɗaya ne: ka ba kowane kati lambarsa.

Ta biyu ta fi muni, domin ba kai kaɗai take shafa ba. Ka ce kana koyon yadda ake raba adireshi kai tsaye, tsarin da ake kira DHCP, sai ka ɗora shi a kan baƙuwa, ka manta katinta na kan Bridged Adapter. Duk wayar salula ko kwamfutar da ta shigo ofis za ta yi shelar neman adireshi, kuma galibi amsar da ta fara isowa take karɓa. Idan taka ta riga ta ofis amsawa, sai mutane su karɓi adireshin da ba ya kai su ko'ina. Ba a sarki biyu a zamani ɗaya. Kafin a gano daga laftof ɗinka abin ya fito, rabin ma'aikata sun yi ta zagin kamfanin intanet a banza.

Ta uku, zagaye. Ƙunshin Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa. Idan aka sami hanya biyu tsakanin gadoji biyu, shela za ta fita ta nan ta dawo ta can, a sake kwafa ta, ta sake fita, har layin ya cika maƙil da amsa-kuwwa. Da baƙi abin na da sauƙin faruwa: baƙuwa mai kati biyu, dukansu a tsakar gida ɗaya, sannan aka gina wata gada a cikinta ta haɗa su. Radia Perlman ce ta samo maganin wannan a 1985 tana aiki a kamfanin DEC: gadoji su riƙa tattaunawa a tsakaninsu, su toshe duk hanyar da za ta haifar da zagaye. Ana kiran tsarin STP. Sai dai ka sani, sabuwar gadar Linux tana zuwa da shi a kashe, kai za ka kunna. Kuma kada ka raina wannan matsala. A Nuwamban 2002, asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya koma aiki da takarda da biro na kusan kwana huɗu saboda rikicin da ya shafi wannan tsari a sadarwarsa. Nasu na'urorin zahiri ne, amma dokar ɗaya ce.

Ta huɗu, tsaro. Masu koyon tsaron kwamfuta kan sauke Metasploitable, baƙuwar da aka cika da kafofin ɓaraka da gangan don a koyi kutse a kanta. Sa irin wannan a kan Bridged Adapter daidai yake da barin ƙofar gida a buɗe da dare. Haka ma mai nazarin muguwar manhaja. WannaCry, wadda ta addabi duniya a Mayun 2017 har ta tsayar da ayyuka a asibitocin Ingila, da ta shiga kwamfuta sai ta fara lalube maƙwabtan da ke layi ɗaya da ita. Duk gwajin da ke da haɗari, a tsakar gida ta baƙi zalla ake yin sa.

Daga laftof zuwa manyan rumbunan bayanai

Abin da ka gina da layuka biyar shi ne dai ake yi a cibiyoyin da ke ba da hayar kwamfuta ta intanet, sai dai a can baƙin dubbai ne, kuma na mutane daban-daban da bai kamata su ji shelar juna ba. A 1998 aka fito da ƙa'idar VLAN, wadda ke liƙa wa kowane ƙunshi lambar gidansa, ta yadda waya ɗaya za ta ɗauki gidaje har 4094 ba su cakuɗa ba. Da wannan ya yi kaɗan, sai aka zo da VXLAN, da aka wallafa ƙa'idarsa a 2014, mai ɗaukar gidaje sama da miliyan 16. Shi yana naɗe ƙunshin baƙuwa ne a cikin wani ƙunshin, ya tura shi zuwa wani mai masaukin. Ta haka baƙuwa a wannan gini da wata a wancan za su yi zaton tsakar gidansu ɗaya.

Gwada da kanka

Koma kan baƙinka biyu na farko. Kashe su, ka sauya katin kowacce zuwa Internal Network, suna iri ɗaya. Tabbatar lambobin MAC ɗinsu sun bambanta. Kunna su, ka ba ta farko 192.168.10.1, ta biyu 192.168.10.2. A ta biyun rubuta tcpdump -n -e arp ka bar shi yana saurare, sannan daga ta farko ka rubuta ping 192.168.10.2. Za ka ga shelar da idonka, da lambar ff:ff:ff:ff:ff:ff a jikinta, sai amsar ta biyo baya.

Daga nan ka sauya sunan layin ɗaya daga cikinsu ka sake gwadawa, ka ga yadda shiru zai dawo. Duk ranar da sadarwar baƙi ta rikice maka nan gaba, kafin ka fara sauya saiti barkatai, tambayi kanka abu biyu: idan wannan kati ya yi shela, su wa za su ji? Kuma a cikin masu jin, akwai wanda bai kamata ya ji ba?